Booker T. Washington: Bawan da Ɗalibansa Suka Gina Makarantarsu da Hannunsu

Dala 400. Kuɗin da aka yi wa Booker ke nan a shekarar 1861, lokacin da ubangidansa James Burroughs ya mutu aka zauna lissafin dukiyar da ya bari a gonarsa ta Hale's Ford, cikin jihar Virginia ta Amurka. Yana ɗan shekara biyar aka rubuta sunansa cikin kayan gado. Mahaifiyarsa Jane baiwa ce, ita ke girka wa gidan abinci. Mahaifinsa wani farar fata ne da bai taɓa waiwayarsa ba. Ko ranar haihuwarsa shi kansa bai sani ba, daga baya ne aka tsayar da 5 ga Afrilu, 1856. Iyakar kusantarsa da makaranta a lokacin ita ce ya ɗauko wa 'yar ubangidansa littattafai, ya raka ta har bakin ƙofar aji, ya leƙa, ya juyo.

Na kawo tarihinsa a wannan fitowa ta mujallarmu ne saboda gardamar da muke yi kullum a hostel da wajen mai shayi, wato ko aikin hannu ilimi ne ko kuwa abin da ake bai wa wanda bai samu jami'a ba. Wannan gardama ta girmi kakanninmu, kuma ban san wani mutum da ta cinye rayuwarsa kamar wannan bawan Allah ba. Na karanta littafin da ya rubuta a kan rayuwarsa, Up from Slavery, wanda ya fito a 1901, da kuma abin da masu sukarsa suka ce. Ga abin da na tsinto.

An 'yanta bayi a 1865, bayan yaƙin basasa, yana da shekara tara. Iyalin suka koma Malden a West Virginia, inda mijin mahaifiyarsa ke aiki a masana'antar dafa gishiri. Tun da asuba ake tashin yaron ya je cika ganguna da gishiri, daga baya kuma ya shiga ramin haƙar kwal. Abin da ya fara iya karantawa a duniya shi ne lamba 18, lambar da ake rubutawa a gangunan mijin mahaifiyar tasa. Jane ce ta san yadda ta yi ta samo masa wani ɗan littafin koyon baƙaƙe. Ranar da ya samu shiga aji ya ji kowane yaro na faɗin suna biyu, shi kuwa ɗaya gare shi, nan take ya laƙaba wa kansa Washington. Sai daga baya ya ji ashe mahaifiyarsa ta taɓa sa masa Taliaferro, wanda shi ne T ɗin da ke tsakiyar sunansa.

Daga ramin kwal ya samu aikin yaron gida a wurin Viola Ruffner, matar mai masana'antar. Mace ce mai tsananin tsafta da tsari, yaran da suka gabace shi ba sa daɗewa suke guduwa. Shi ya jure. Abin da ya koya a gidanta, wato ka yi abu ka gama shi tsaf ko ana kallonka ko ba a kallo, shi ya buɗe masa ƙofa ta gaba.

A cikin ramin kwal ɗin ya taɓa jin wasu leburori biyu na hirar wata makarantar baƙar fata da ake kira Hampton, inda talaka zai iya biyan kuɗin abinci da kwana da aikin ƙarfinsa. A 1872, yana ɗan shekara 16, ya kama hanya, tafiyar kusan kilomita 800. Kuɗinsa suka ƙare a birnin Richmond. Ya riƙa kwana a ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗa wa masu tafiya a gefen titi, da rana yana sauke ƙarfe daga jirgin ruwa, har ya tara na ƙarasawa. Ya isa Hampton da santi 50 kacal a aljihu, duk ya yi butu-butu. Shugabar malamai, Mary Mackie, ta dube shi ta ƙi cewa e ta ƙi cewa a'a. Can ta miƙa masa tsintsiya ta ce ya share ajin da ke kusa. Ya share sau uku, ya bi da tsumma ya goge sau huɗu, har bayan kabad da lungunan bango. Ta zo ta bi teburi da benci da hankicinta ba ta samu ƙura ba, ta ɗauke shi, ta kuma ba shi aikin shara da hura wuta. Jarrabawar shigarsa ke nan. Mu da muka sha wuyar JAMB sai mu ce ya samu banza, amma shekara uku ya yi yana tashi ƙarfe huɗu na asuba kafin kowa.

Wanda ya kafa Hampton a 1868, Janar Samuel Armstrong, shi ne mutumin da Booker ya fi girmamawa a rayuwarsa. Armstrong ya yi imani da cewa aikin hannu na gyara hali. Amma ya kuma yi imani da cewa baƙar fata ba su isa shiga siyasa ba tukuna. Ku riƙe wannan, domin Booker ya sha daga ƙoƙon nan gaba ɗaya, da ruwan da laka.

Ya gama a 1875, ya koyar a garinsu, ya koma Hampton a matsayin malami a 1879. Sai ga wasiƙa daga jihar Alabama a 1881. Yadda makarantar Tuskegee ta samo asali abin lura ne. Wani ɗan siyasa farar fata yana neman ƙuri'un baƙar fata a yankin, ya je wurin Lewis Adams, tsohon bawa wanda bai taɓa zama a aji ba amma ya iya ƙirar gwangwani da dukanci da ɗinkin takalma, kuma mutane na jin maganarsa. Adams bai nemi komai don kansa ba, ya ce makaranta yake so. Aka ci zaɓe, majalisar jihar ta ware dala 2,000 a shekara. Suka rubuta wa Armstrong ya aiko musu da farar fata ya shugabance ta, shi kuwa ya aiko musu da Booker, saurayi ɗan shekara 25.

Ya iso ya tarar babu fili, babu gini, babu ko allo, kuɗin na albashi ne kawai. Ranar 4 ga Yuli, 1881, ya buɗe makaranta da ɗalibai 30 a wata tsohuwar bukkar katako kusa da coci. In ana ruwa sai wani ɗalibi ya riƙe masa laima yana koyarwa. Kafin buɗewar ya yi kusan wata guda yana zagaya ƙauyuka, yana kwana a gidajen manoma, kuma abin da ya gani shi ya tsara masa manhaja. Auduga har bakin ƙofa, babu ko ɗan lambu, ana cin bashi a sayo abincin da ƙasar za ta iya fitarwa. Ya ba da labarin gidan da mutum biyar suka zauna cin abinci da cokali mai yatsu guda ɗaya tak, alhali ga kayan kiɗa na dala 60 a kusurwa ana biya wata-wata. Ya ga saurayin da ya ɗan yi makaranta zaune cikin datti, ciyawa ta cinye tsakar gida, yana haddar nahawun Faransanci. Ɗaliban da suka zo masa na farko, waɗanda yawancinsu malaman ƙauye ne, za su nuna maka hamadarmu ta Sahara a taswira, amma ƙaramin lissafin yau da kullum ya gagare su. A wurinsu amfanin ilimi ɗaya ne, ya raba ka da aikin ƙarfi har abada. Kuma wa zai ga laifinsu? Iyayensu sun yi shekaru aru-aru suna noma da bulala a bayansu.

To a nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. Ya samu wata tsohuwar gona mai eka 100 a kan dala 500, ya ranto 250 daga ma'ajin Hampton ya ba da kafin alƙalami, sauran kuma malama Olivia Davidson, wadda daga baya ta zama matarsa, ta tara ta hanyar shirya liyafa da sayar da abinci. Bargar dawaki da akurkin kaji aka share aka mayar azuzuwa. Da ya ce wa ɗalibai a fito a sare daji a yi shuka, sai aka fara gunaguni, su karatu suka zo yi. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ɗauki gatari ya shige gaba, kowace rana bayan an tashi aji, har kunya ta sa suka biyo shi. Iyaye suka yi ta aiko da wasiƙu, wasu suka zo da ƙafarsu, cewa ba su turo 'ya'yansu don su koma bauta ba. Bai janye ba.

Sai maganar jan bulo. Babu mai gasa bulo a garin, makaranta kuma na buƙatar gine-gine. Ɗalibai suka shiga ramin yumɓu, taɓo har gwiwa, wasu suka haɗa kayansu suka bar makarantar. Aka buga bulo wajen 25,000 aka jera a tanderu, gashin ya lalace. Aka sake na biyu, ya lalace. Na uku ya kusa nuna, cikin dare ya rufta. Kuɗi suka ƙare ƙaf, malamai suka ce a haƙura. Booker ya ɗauki agogonsa ya tafi birnin Montgomery ya jinginar a kan dala 15, ya dawo aka kunna tanderu na huɗu. Wannan karon bulo ya gasu. Agogon dai bai ƙara ganinsa ba, don kafin ya samu kuɗin fansa wa'adi ya wuce. Zuwa lokacin da ya rubuta littafinsa, ɗalibai na fitar da bulo 1,200,000 a shekara, kuma cikin gine-gine 40 na makarantar duk ɗalibai ne suka gina in ban da huɗu. Fararen fatar yankin, waɗanda ba sa ko son jin sunan makarantar, suka fara zuwa sayen bulo saboda ya fi kyau.

Haka aka bi sauran sana'o'in, kowace buƙata ce ta haifar da ita. Ana son gadaje, aka buɗe sashen kafinta. Ana son katifu, 'yan mata suka koyi yin katifa. Ana son keken doki da linzami, aka buɗe maƙera da dukanci. Aka samu ɗinki, da buga littattafai, da girki, da kiwo. Gadajen farko karkatattu ne, yana sane, ya ce a kwana a kansu haka nan har a iya yin masu kyau. Wanda ba shi da ko sisi yana aiki awa goma da rana, ya yi karatu awa biyu da dare, ana tara masa ladansa har ya isa ya koma ajin rana. Maza na fareti, ana duba ɗakuna da tufafi, kuma duk ɗalibin da ba shi da buroshin goge haƙora ba shi da zama. Darasin aji ma daga wurin aiki ake ɗauko shi. Lissafin da za ka yi na katakon da za ka yanka ne ko bulon da bango zai ci, insha'in da za ka rubuta a kan aikin da ka yi jiya ne. Ya ce sau da yawa in sabon ɗalibi ya zaro wuƙa zai yi zane a jikin bango, tsohon ɗalibi ne ke hana shi, don da hannunsa ya ɗora bulon.

Ku kwatanta da abin da yawancinmu muka gani. A ƙaramar sakandaren da na yi, darasin fasaha a allo muka yi shi daga farko har ƙarshe. Malam ya zana zarto, mu zana zarto. Ya rubuta sunayen sassan injin, mu haddace, mu zuba a jarrabawa, mu ci. Akwai wani ɗaki a kulle da aka ce akwai injuna a ciki cikin akwatuna, babu wuta, babu wanda ya iya haɗa su. Lokacin motsa jiki kuwa shi ne lokacin da malamin lissafi ke ara in bai gama silabus ba. A nan ma, tsakani da Allah, furojet nawa ne ke jibge a ƙarƙashin bene suna tsatsa tun ranar da aka ba su maki? Ga kujerun ajinmu a karye, ga ɗaliban da ake koya wa walda da kafinta, amma gyaran sai an ba ɗan kwangila. A ganina sirrin Tuskegee bai wuce wannan ba: abin da ɗalibi ya yi, ana jiransa. In bangonka ya karkace, kai za ka kwana a ƙarƙashinsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a zamaninsa Tuskegee ba ta ba da digiri, matakinta bai wuce na sakandare da horon malamai ba, kuma da yawa daga waɗanda suka gama koyarwa suka tafi yi a ƙauyuka. Amma malaman da ya ɗauko manyan masu ilimi ne. Robert Taylor, baƙar fata na farko da ya gama MIT, ya zo a 1892 ya zana yawancin gine-ginen. George Washington Carver ya zo a 1896 ya riƙe sashen noma, yana koya wa manoma su hutar da ƙasa daga auduga da gyaɗa da dankali da wake. A 1906 suka fito da makarantar tafi-da-gidanka a kan keken doki, ana kai wa manomi darasi har gonarsa.

Da a nan labarin ya tsaya da sai mu tafa mu tashi. Amma ranar 18 ga Satumba, 1895, aka gayyace shi ya yi jawabi a wani babban baje-koli a Atlanta, gaban dubban fararen fata. Lokacin jihohin kudu na ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowane mako sai gungun mutane sun rataye wani ba shari'a. A jawabin ya shawarci mutanensa su tsaya inda suke, su riƙe noma da sana'a da kasuwanci, su daina gaggawar neman kujerar siyasa da cuɗanya da farare. Ya kwatanta jinsunan biyu da yatsun hannu, a rabe wajen zamantakewa, a haɗe wajen ci gaban tattalin arziki. Wurin ya ɓarke da tafi. Frederick Douglass, babban jagoran baƙar fata, ya mutu a farkon shekarar, sai jaridun farare suka naɗa Booker a gurbinsa ba tare da sun tambayi kowa ba. Shekara guda bayan haka kotun ƙolin Amurka ta halatta wariya a shari'ar Plessy da Ferguson. A 1901 jiharsa ta Alabama ta yi sabon tsarin mulki da ya share kusan duk baƙar fata daga rajistar zaɓe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makarantarsa fa ƙuri'a ce ta haife ta. Da Lewis Adams ba shi da ƙuri'un da zai yi ciniki da su, da babu dala 2,000, da babu Tuskegee. Mutumin da ya fi kowa cin moriyar ƙuri'a shi ne ya tsaya a bainar jama'a yana cewa za ta iya jira.

Shi kansa ya ɗaukaka. Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa a 1896. A 1900 ya kafa ƙungiyar 'yan kasuwa baƙar fata. A watan Oktoba na 1901 Shugaba Theodore Roosevelt ya gayyace shi cin abincin dare a fadar White House, abin da ya sa jaridun kudu suka yi kamar za su ci babu. A 1903 attajiri Andrew Carnegie ya ba makarantar dala 600,000. A shekarar ce kuma W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya yi digirin digirgir a Harvard, ya fito da littafinsa The Souls of Black Folk, ya ware babi guda ya yi masa tatas cikin ladabi. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mai sana'ar da ba shi da ƙuri'a ba shi da abin kare shagonsa da gonarsa. Kuma su wa za su koyar a irin su Tuskegee in babu manyan makarantun da za su horar da malaman? Tambaya ta biyun ba ta da amsa, don Taylor da Carver ba a wurin gasa bulo suka yi karatu ba. 'Yar Booker ɗin ma, Portia, har Berlin ta je koyon kiɗan fiyano.

Ana iya ƙara wasu hujjojin. Yana horar da masu ƙera ƙafar keken doki a daidai lokacin da motar Ford ke shigowa, a 1908. Ƙungiyoyin ƙwadago na farare kuma sun toshe wa ƙwararrun baƙar fata hanyar shiga manyan masana'antu, komai iyawarsu. Bulo mai kyau ya jawo masu saye, bai hana tarzomar Atlanta ta 1906 ba, inda aka bi baƙar fata har shagunansu ana kashewa. Sannan mutumin ba ya son a ja da shi ko kaɗan. Yana ba jaridu kuɗi a ɓoye su yabe shi, yana tura 'yan leƙen asiri tarukan su Du Bois, kuma da wuya baƙar fata ya samu muƙamin gwamnati ko tallafin attajirai ba da yawunsa ba.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Du Bois a jihar Massachusetts ta arewa aka haife shi, ɗa ne, bai san bauta ba. Booker na zaune a tsakiyar Alabama da ɗalibai sama da dubu da gine-ginen da ashana ɗaya ta ishe su. Bayan mutuwarsa, da masana suka buɗe takardunsa, aka gano cewa a asirce yake biyan lauyoyin da ke ƙalubalantar dokokin da yake yin shiru a kansu a fili. Shi ya tallafa wa ƙarar Jackson Giles a kan hana zaɓe a Alabama, wadda ta faɗi a kotun ƙoli a 1903, da ta Alonzo Bailey a kan tilasta wa mutum aiki saboda bashi, wadda aka yi nasara a 1911. Wannan ya rage mini jin haushinsa, bai wanke shi ba. Abin da ya faɗa a fili miliyoyi suka ji, suka kuma yi amfani da shi wajen rage wa makarantun baƙar fata kuɗi da manhaja. Abin da ya yi a ɓoye mutane ƙalilan suka sani.

Tasirinsa ya ƙetaro har nahiyarmu, kuma ta fuska biyu. John Dube na Afirka ta Kudu ya kafa makarantar Ohlange a kan tsarin Tuskegee, shi ne kuma ya zama shugaban farko na ƙungiyar da ta koma ANC. A Laberiya akwai makarantar koyon sana'a mai sunan Booker a garin Kakata tun 1929. Waɗannan 'yan Afirka ne ko abokansu da suka ga abin amfani. Amma Turawan mulkin mallaka ma sun gani, sun kuma so shi don dalilinsu. A 1900 Jamusawa suka ɗauko mutanen Tuskegee zuwa Togo don su koyar da noman audugar da masaƙun Jamus ke buƙata. Bayan mutuwarsa, a 1920 zuwa 1921, kwamitin Phelps-Stokes ƙarƙashin Thomas Jesse Jones, tsohon malamin Hampton, tare da James Aggrey na ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya zagaya Afirka har da Nijeriya, ya ba da shawarar a ba 'yan Afirka ilimin da ya dace da rayuwar ƙauye, na noma da sana'a. Gwamnatin Birtaniya ta rungumi wannan a takardar manufofinta ta 1925, kuma sakataren kwamitin da ke ba ta shawara a Landan ba wani ba ne illa Hans Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. 'Yan boko da yawa a Afirka ta Yamma sun ƙi abin, don sun ga ana miƙa musu guduma ne domin kada su nemi alƙalami.

Ina ganin ragowar wannan zargin ne muke fama da shi har yau. Ubanka zai yi alfahari ka zama injiniya mai ofis, amma ransa zai ɓaci in ya gan ka da baƙin mai a hannu. Mai HND da mai digiri su yi aiki ɗaya, a ce ɗaya na da rufin da ba zai wuce ba. Manyan da ke hawa mumbari suna ce mana sana'a ta fi takarda, ku bincika inda 'ya'yansu ke karatu. Ni ina tare da Booker ɗari bisa ɗari a kan cewa wanda ya iya da hannunsa ya san abin da mai hadda bai sani ba, kuma zan so in ga ranar da za a ce ɗaliban sashenmu ne suka gina sabon ɗakin karatu. Inda na rabu da shi shi ne tunanin cewa in ka ƙware, mutunci da haƙƙi za su biyo ka da kansu. Shekara 20 ya rayu bayan jawabin Atlanta yana jiran hakan, kullum abin ƙara taɓarɓarewa yake.

A shekarunsa na ƙarshe harshensa ya ɗan ƙara kaifi, ya fara rubutu a fili a kan rataye mutane da rashin adalcin rabon kuɗin makarantu. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne wanda ya ƙulla da Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears. Suka fara da ƙananan makarantu shida a ƙauyukan Alabama, da sharaɗin cewa mutanen ƙauye za su kawo nasu kason, kuɗi ko fili ko katako ko aikin ƙarfi. Kafin a rufe shirin a 1932 an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15. Bai ga wannan ba. Bai kuma ga dokar 1917 da ta sa gwamnatin tarayyar Amurka ta fara ba da kuɗin koyar da noma da sana'a a makarantun sakandare ba, ko ranar da Tuskegee ta fara ba da digiri, balle 1985 da ta zama jami'a.

Aiki da tafiye-tafiyen neman tallafi sun cinye shi. Ya binne mata biyu tun yana matashi, Fannie Smith a 1884 da Olivia Davidson a 1889, ta ukun, Margaret Murray, ita ce ta rayu bayansa. A farkon Nuwamba na 1915 ciwo ya kayar da shi a New York, hawan jini ya riga ya lalata masa ƙoda. Likitoci suka ce kwanakinsa kaɗan ne. Ya dage sai an mayar da shi gida, aka sa shi a jirgin ƙasa. Ya isa Tuskegee cikin dare, ya cika da safiyar 14 ga Nuwamba, 1915, yana da shekara 59. Ya bar ɗalibai wajen 1,500, da gine-gine sama da 100, da asusun ajiya na kusan dala miliyan 2. An binne shi a cikin makarantar, kusa da ɗakin ibada, a kabarin jan bulo da ɗalibai suka gina.